Yadda Ake Rubuta Labarin Almara a Kan Bauta, 'Yanci da Hangen Gobe

Shekaru da dama ke nan ina rubuta labaran almara, irin waɗanda marubuci yake ƙirƙirar ƙasa da mutanenta ya saka abin al'ajabi a ciki, kuma babu wanda ya fi ba ni wahala kamar labarin bawan da aka ba shi ikon hango ɗan abin da zai faru gobe. Wahalar tana zuwa ne daga haɗa abubuwa biyu waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba ne. Bauta gaskiya ce, ta faru a kan kakannin mutanen da za su karanta labarinka, kuma har yau akwai gidajen da ake yi wa gorin asali idan maganar aure ta taso. Hangen gaba kuwa ƙirar hannunka ne, idan ba ka ɗaure shi da igiya ba zai cinye labarin baki ɗaya, domin wanda ya san komai game da gobe ba shi da abin tsoro, mai karatu ma ba shi da abin jira. Ga hanyar da nake bi, tun daga tara kaya har zuwa sakin babi na farko.

Kayan aiki

Ka tanadi littattafan rubutu guda biyu. Na farko na tarihi ne, ba ya karɓar komai sai abin da ka karanta ko ka ji daga bakin wanda ya sani. Na biyu na ƙirƙira ne. Kada ka yarda su cakuɗu, domin bayan wata uku za ka manta wanne ka karanta wanne ka ƙaga, sai ka wayi gari kana faɗa wa mutane ƙagaggen abu a matsayin tarihi.

Ka kuma yanka kwali ƙanana kamar guda 20, kowanne girman tafin hannu, waɗanda za ka rubuta hange-hangen jaruminka a kansu. Kwalin taliya ko na sabulu ya isa. Sai farar takarda babba ta zanen taswira, da waya ko kwamfuta mai haruffan ƙ, ɗ da ɓ, saboda a labarin da baƙi suke shigowa gari ba ka so mai karatu ya ɗauka baki kake nufi. Idan waya kawai gare ka, ka riƙa tura wa kanka kowane babi ta imel da zarar ka gama shi. A ƙarshe ka nemi mutum biyu da za su karanta maka kafin kowa: ɗaya mai ilimin addini da tarihi, ɗaya kuma makarancin labari wanda ba ya jin nauyin ce maka ya gaji.

Mataki na 1: Ka san bautar kafin ka ƙaga mata ƙasa

Kuskuren da na fi gani a rubutun masu farawa shi ne ɗauko hoton bautar gonakin auduga na Amurka, da jiragen ruwa da bulala, a sa masa rawani a ce ƙasar Hausa ce. Wancan tarihi ne na gaske kuma yana da nasa marubutan, har ma akwai Hausawa a cikinsa, domin an kai da yawa Bahia a ƙasar Barazil. Amma idan ƙasar da za ka ƙirƙira mai ganuwa ce da fada da kasuwar fatake, to tsarin bautarta ma ya kamata ya fito daga irin wanda aka yi a nan, kuma wannan tsari yana da matakai da kalmomin da kowannensu labari ne.

Ka buɗe littafin tarihi ka rubuta su. Akwai bawan da aka kamo a yaƙi ko a hari, wanda yake tuna garinsu, akwai kuma bacucane, wanda aka haifa cikin bauta bai san wani gida ba. Akwai rinji, ƙauyen bayi masu noma, inda a wurare da dama ake aikin gandun ubangida daga hantsi zuwa azahar, sannan bawa ya koma gayaunarsa, wato 'yar gonar da abin da ta ba shi nasa ne. Akwai murgu, kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa a kai a kai don a bar shi ya yi sana'ar kansa, kuma ka lura da kyau cewa murgu daban, kuɗin fansar kai daban: mutum zai iya shekara goma yana biyan murgu yana nan bawa. Akwai ƙwarƙwara, wadda a fiƙihun Malikiyya idan ta haifa wa ubangidanta ɗa, ɗan ba bawa ba ne, ita kuma tana samun 'yanci ranar da ubangidan ya rasu. Akwai bayin sarki, waɗanda a Kano suke riƙe da sarautu irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama, masu dawakai da gonaki da faɗa a ji, amma duk da haka ba 'ya'ya ba. Har suna ma ana sauya wa bawa, a ba shi irin su Nagode ko Allah-bar-sarki, sunan da yake magana da bakin mai shi.

Duk wannan ba don a sassauta munin abin ba ne. Mutumin da ake iya sayarwa gobe da safe ba shi da tabbas a kan matarsa, ko ɗansa, ko gayaunar da ya nome, kuma wannan rashin tabbas shi ne dalilin da ya sa hangen gobe yake da nauyi a hannun bawa fiye da hannun kowa.

Wanda yake kusa da Kaduna zai samu takardu a Gidan Arewa da kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, na Kano ya leƙa Gidan Makama, na Sakkwato kuma ofishin tarihi na Waziri Junaidu. Ka kuma nemi labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, wanda daga baya ya bi Barth, wani matafiyi Bajamushe, har Ingila a 1855, kuma aka rubuta tarihinsa da Hausa daga bakinsa. Idan duk wannan ya yi maka nisa, tsofaffi suna nan, amma ka tambaye su yadda ake aikin gandu da yadda fatake suke tafiya. Kada ka taɓa tambayar dattijo ko su wane bayi ne a garinsu, kuma ko ya faɗa maka da kansa kada sunan gidan ya shiga ko da littafinka na tarihi.

Mataki na 2: Ka zana ƙasar

Shawarata ita ce ka ƙirƙiri gari da sarauta da sunayen da babu su a duniya. Idan ka ɗora mugun ubangida a kan sananniyar masarauta, jikokinta za su karanta, sai muhawara ta koma kan kare gida maimakon labarin. A taswirar ka nuna ganuwa da ƙofofinta, kasuwa, rinji, rijiyoyi, da hanyar da ayari yake bi zuwa arewa cikin hamada. Ka rubuta tafiyar kwana nawa ce daga rinji zuwa wurin da bawa zai iya ɓacewa, domin wannan lissafi zai yi maka aiki a kowane babi.

Mataki na 3: Ka kafa dokar ganin

Nan ne labarin yake tsayuwa ko ya faɗi, saboda haka kada ka yi gaggawa. A rubutuna na farko na bar jarumin yana ganin duk abin da nake buƙatar ya gani, a duk lokacin da na shiga matsi. Da na kai babi na shida sai mai karanta mini ya ajiye takardun ya tambaye ni dalilin da ya hana wannan mutum guduwa tun daren farko, tunda ya san ƙofar da ba a tsaro. Ban samu amsa ba, kuma a nan labarin ya mutu. Tun daga lokacin ba na rubuta jimla ɗaya sai na amsa tambayoyi huɗu a shafin farko na littafin ƙirƙira.

Ta farko: ta ina yake gani? Ka zaɓi abin da yake cikin aikinsa na yau da kullum. A misalin da zan yi ta amfani da shi, jarumin bawa ne mai suna Nagode, yana aiki a marina, kuma yana gani ne a fuskar ruwan baba, a ɗan lokacin nan da aka gama motsa rijiya, kumfa ta koma gefe, ruwan bai gama kwanciya ba. Ta biyu: iyakar nisan ganin. Nagode ba ya wuce faɗuwar ranar gobe. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: me ba ya samu? Nasa hoto ne babu sauti, kuma ba ya ganin komai sai abin da idonsa da kansa zai gani gobe. Idan ya ga ubangidansa yana magana da baƙo mai raƙuma yana nuna wani da yatsa, bai san me aka ce ba, bai san wa aka nuna ba, domin wanda aka nuna yana bayansa. Ta huɗu: me yake biya? Farashin ya zama abin da ya shafi bautar kai tsaye. Nagode duk lokacin da ya duba yana rasa kalma ɗaya daga harshen mahaifiyarsa, har ranar da zai nemi sunan da take kiransa da shi ya rasa. Ciwon kai ko zubar jinin hanci farashi ne mai arha, mai karatu ya saba da su, ba sa hana jarumi komai.

Bayan ka rubuta dokar, kada ka karya ta ko sau ɗaya. Idan wani babi ya ƙi tafiya sai an karya ta, babin za a sake.

Akwai gargaɗi na daban game da addini, kuma ina ɗaukarsa da gaske. Masu karatunmu sun san babu mai sanin gaibu sai Allah, sun kuma san hukuncin zuwa wurin ɗan duba. Kada ka kira abin da jaruminka yake gani wahayi, domin wannan kalma ta annabawa ce. Ka ce gani, ko hange. Kada ka ɗauko ayoyi ko sunayen Allah ka mayar da su ɗalasiman ƙirƙira. Bugun ƙasa, mai siffofi 16, da jefa wuri, abubuwa ne da wasu suke yi da gaske, don haka idan ka saka su ka sani kana taɓa abu mai rai. Idan ranka bai kwanta da ganin cikin ruwa ba, ka koma ga mafarki, wanda kowa ya yarda yana iya zama gaskiya kuma kowa ya san ana kuskuren fassara shi. Ko ta wace hanya ka bi, ganin da yake gutsure, mai iya ɓatar da mai shi, ya fi dacewa da aƙidar mai karatu, kuma ya fi daɗin labari.

Mataki na 4: Ka yanke wanda ya mallaki ganin

A tsarin bauta, abin da bawa ya iya dukiyar ubangidansa ce. Idan maƙeri ne ko masaƙi, kuɗinsa ya ƙaru. To, yaya bawan da yake hango gobe? Ranar da ubangidan Nagode ya gane abin da yaron yake iyawa, ranar kuɗin fansarsa ya tashi daga abin da zai iya tarawa zuwa abin da ba zai taɓa tarawa ba. Za a ɗauke shi daga bakin rijiya a ba shi riga mai kyau da tuwo mai nama, a kuma sa masa ido dare da rana. Baiwar da mai karatu ya zata mabuɗi ce ta zama sabon mari a ƙafarsa.

Daga nan ne ainihin labarin yake fitowa. Babu wanda yake ganin abin da Nagode ya gani sai shi, don haka abu na farko da ya taɓa mallaka a duniya shi ne ikon faɗa ko yin shiru. Ka tsara a wane babi ne zai fara ɓoye gani, a wane babi ne zai fara faɗin rabi, kuma wa zai cutu saboda shirunsa. Ka tabbata wani ya cutu, wanda bai ci ba bai sha ba, ƙila wani bawa ɗan'uwansa da aka sayar saboda Nagode ya ga ayari bai yi magana ba.

Mataki na 5: Ka gina sauran mutanen

Kada ubangida ya zama dodo. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai sallah a kan lokaci, mai kyauta, wanda yake kiran Nagode ɗana, amma da bashi ya kama shi sai ya zauna da dillali su yi lissafi cikin natsuwa. Ka ba bayin ma saɓani a tsakaninsu: bacucanen da yake raina sabon kamu, bawan fada da yake ganin rayuwarsa ta fi ta talakan gari, ƙwarƙwarar da duk begenta yana kan ɗan da ta haifa. Kowannensu yana da nasa ma'anar 'yanci, kuma bai kamata su yarda da juna ba.

Mataki na 6: Ka rubuta hange-hangen a kati kafin babobin

A fuskar kowane kati ka rubuta abin da jarumin ya gani, ba fiye da jimla uku ba, abin da ido yake kamawa kawai. A bayan katin ka rubuta abu biyu: fassarar da ya yi wa ganin, da abin da ya faru a zahiri. Ga misali. A fuska: hannuna babu igiya, na waiga ƙofar gari tana bayana, takalmin wani a ƙafata. Fassararsa: gobe zan tsira. Zahiri: an sayar da shi, sabon ubangida ne ya kwance shi ya ba shi takalmi saboda tafiyar hamada. Hoton bai yi ƙarya ba ko kaɗan, fata ce ta cika gurbin da babu sauti.

Ka jera katunan a tabarma bisa tsarin babobi. A dogon labari hange 7 zuwa 10 sun wadatar, saura ka zubar. Kada dukkansu su zama yaudara, domin mai karatu zai gano dabarar ya daina yarda. Wasu su zo daidai yadda aka fassara su, musamman na farko-farko, ɗaya kuma ya zama wanda jarumin ya fahimta sarai amma ba shi da ikon hanawa. Ka yanke tun yanzu ko abin da aka gani yana iya sauyawa. Ni na fi son hoton ya tabbata ko ta yaya, abin da yake hannun jarumi shi ne hanyar da za a bi a isa wurin da kuma abin da zai biyo baya.

Mataki na 7: Ka zaɓi hanyar 'yanci, ka kuma wuce ta

Tarihi ya ba ka hanyoyi da yawa: fansar kai da kuɗin wuri da aka tara ɗaya bayan ɗaya, fansa daga dangi, 'yantawa don kaffara ko neman lada, alkawarin 'yanci bayan mutuwar ubangida, gudu, ko kai ƙara gaban alƙali cewa an bautar da ɗa ba bisa ƙa'ida ba, matsalar da malamai irin su Ahmad Baba na Tambutu suka yi rubutu a kanta tun farkon ƙarni na 17. Wannan ta ƙarshe tana ba da babi mai zafi, amma ka yi hattara kada labarinka ya nuna kamar wanda aka kama bisa kuskure ne kaɗai ya cancanci fita. Dabarar nan ta gano cewa ashe jarumi ɗan sarki ne ita ma haka take, tana barin sauran mutanen rinji a inda suke kamar nan ne muhallinsu.

Ko wace hanya ka ɗauka, matakin ƙarshe ya zama wanda jarumin ya taka ba tare da ya gani ba. Nagode ya tsaya a bakin rijiya, kalma ɗaya ta rage masa, ya ƙi dubawa, ya tafi bai san abin da zai tarar ba. Idan hange ne ya nuna masa ƙofa da sa'a da hanya, to an kai shi ne kamar yadda aka saba kai shi ko'ina.

Sannan ka ba da aƙalla babi biyu ga abin da ya biyo baya, domin 'yanci bai taɓa zuwa rana ɗaya ba. A Arewacin Nijeriya dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya, kuma a tsakanin nan mutane da yawa sun ci gaba da biyan fansa. A Nijar sai a 2003 aka sa hukuncin laifi a kan bautarwa, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wata 'yar Nijar da aka bautar, wadda ta kai ƙarar gwamnatin ƙasarta. 'Yantaccen bawanka zai nemi gonar da zai noma, da gidan da za su ba shi aure, da sunan da zai amsa. Waɗannan su ne tambayoyin babobin ƙarshe.

Mataki na 8: Rubutu da gyara

Wajen rubuta azaba ka taƙaita. Uwa tana tsefe wa 'yarta kai a daren da ta ji an yi ciniki, tana yi a hankali don kada ta gama, ya fi shafi uku na bulala shiga rai. Abin da ya shafi cin zarafin mata ka nuna sakamakonsa a fuska da shiru, kada ka mayar da shi abin kallo. Hange-hangen kuma ka rubuta su da gajerun jimloli, ba sharhi, yadda za su bambanta da sauran labarin ko ba a sauya haruffa ba.

Idan ka gama, ka ajiye rubutun mako biyu, sannan ka karanta shi da shafin doka a gefe. A kowane babi ka tambayi kanka ko akwai abin da jarumin ya sani wanda dokar ba ta ba shi damar sani ba, da kuma ko an biya farashi a duk ganin da aka yi. Bayan haka ka miƙa wa masu karatunka biyu. Mai ilimin zai duba maka kalmomin fiƙihu da na sarauta, ɗayan kuma ka roƙe shi ya ja layi a duk inda ya riga ya san abin da zai faru.

Idan babi-babi za ka riƙa saki a WhatsApp ko Facebook, kada ka fara sai ka kammala katunan duka kuma kana da aƙalla babi biyar a ajiye, domin hangen da ka saki a babi na uku ba ya gyaruwa bayan mutane sun karanta shi. Masu bibiya za su yi ta roƙon ka bar Nagode ya ƙara dubawa sau ɗaya ya ceci wance. Kafin ka amsa musu, ka ɗauko katin babin ka juya bayansa, ka ƙirga kalmomin da suka rage masa na harshen mahaifiyarsa.